Daga tsohuwar laftof zuwa tab: yadda za ka yi ƙaura ba tare da aikinka ya tsaya ba

Shekara tara na yi ina aiki da laftof guda ɗaya. Da ita nake rubuta tambayoyin jarrabawar ɗalibaina, da ita nake riƙe lissafin ƙungiyarmu ta manoman shinkafa a ƙauyenmu da ke tsakanin Auyo da Haɗeja, da ita kuma nake cike wa yaran gari fom idan an buɗe shafin makaranta ko na neman aiki. Batirinta ne ya fara gajiya. Da yana ɗaukar awa uku, ya dawo awa ɗaya, har ta kai ana zare caja take mutuwa. A birni wannan ƙaramar matsala ce. A garin da wuta kan yi kwanaki ba a gan ta ba kuwa, laftof da ba ta riƙe caji ba ta da maraba da babu. Sai na koma ɗaukarta zuwa shagon mai cajin waya, in zauna kusa da inji ina rubutu cikin ƙara da hayaƙi, yana kashe inji aiki ya tsaya.

Yanzu da tab nake yawancin waɗannan ayyuka, wato kwamfutar hannun nan mai kama da allo wadda ake taɓa fuskarta da yatsa. Na ji daɗin canjin, amma ba zan ce wa kowa ya bi sahuna ido rufe ba. Na ga wanda tab ta share wa hawaye, na kuma ga wanda ya sayar da laftof ɗinsa ya saye ta, bayan mako biyu ya koma yawon aron kwamfuta. Na farkon ya san aikinsa da yanayin wutar garinsu tun kafin ya shiga motar zuwa sayayya. Na biyun abin da ke rubuce a jikin kwali ya bi.

Akwai kuma dalilin da ya sa maganar ta taso wa mutane da yawa a yanzu. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 7 kuwa tun Janairun 2020. Yawancin tsofaffin laftof da ke hannunmu ba su cika sharuɗɗan ɗaukar Windows 11 ba. Za su ci gaba da kunnuwa, sai dai ƙofar da ɓarayin intanet suka gano ba za a riƙa toshe ta kamar da ba.

Mataki na farko: rubuta abin da kake yi da kwamfutar

Kafin maganar kuɗi, ɗauki littafi da biro. Na tsawon mako biyu, duk lokacin da ka buɗe laftof ka rubuta abin da ka yi da ita da kuma manhajar da ka yi da ita. Kada ka dogara da tunani, domin mutum yakan tuna manyan ayyuka ya manta ƙananan da yake yi kullum, ko kuma ya manta wanda yake yi sau ɗaya a zango amma ba makawa sai an yi.

Idan abin da ya fito a littafin shi ne rubuta wasiƙa da takardun makaranta, lissafin shiga da fita, karanta littattafai da tafsiri, imel, WhatsApp, Facebook, kallon karatu a YouTube, taro ta Zoom da cike fom a intanet, to tab za ta ɗauke maka su duka. Wasu ma ta fi laftof iyawa. Tana da kyamara a bayanta, don haka rasit ko takardar shaida sai ka ɗauke ta hoto ka mayar da ita PDF nan take. Ma'aikatan lafiya da masu tattara bayanan manoma da ke aiki da manhajojin KoboCollect ko ODK Collect sun san cewa dama can don Android aka yi su.

Idan kuwa ka ga CorelDRAW a jerinka, tsaya nan. Mai zana katin aure da fosta ba zai same ta a tab ba. Haka ɗalibin da malaminsa ya ce ya yi nazarin alƙaluma da SPSS, haka mai riƙe da babban fayil ɗin Excel da aka saka wa umarnin da ke yin lissafi da kansa, domin Excel na tab ba ya tafiyar da irin waɗannan umarni. Haka kuma mai shagon buga takardu da ke da tsohuwar firinta mai waya. Irin waɗannan gara su gyara laftof ɗin. Sau da yawa sabon batir da canza tsohon faifan ajiya zuwa SSD, wato sabon nau'in ma'aji mai sauri, sun isa su dawo da ita hayyacinta, kuma kuɗinsu bai kai na tab mai kyau ba. Da tsohuwar zuma ake magani, in dai ciwon nata ne.

Mataki na biyu: lissafin wuta da sabis

A nan ne tab ta fi ƙarfi a wurinmu, don haka bari in ɗan daɗe. Juya cajar laftof ɗinka ka karanta abin da ke jiki. Za ka ga wat 45 ko 65, tsofaffi ma har 90. Cajar tab ta talaka kuwa tsakanin wat 10 ne zuwa 18, daidai da ta waya. Ma'anar wannan ita ce duk abin da ke cajin wayarka zai caja tab: fawa bank, ƙaramin faifan sola, fitilar sola mai kafar caji, ko shagon mai caji. Laftof kuwa sai an tayar da inji ko an haɗa inbata.

Tab mai faɗin inci 10 ko 11 takan zo da batir mai ƙarfin 7,000 zuwa 8,000 mAh. In rubutu da karatu kake yi, kuma ka rage hasken fuskarta, za ta kai ka daga safe zuwa dare. Fawa bank na gaske mai 20,000 zai cika ta kusan sau biyu. Ba sau uku ba kamar yadda lissafin kai zai nuna maka, saboda wani kaso na wutar yana salwanta a matsayin zafi yayin da take wucewa.

Tsarin da na zauna a kai shi ne faifan sola ƙarami mai wat 20 zuwa 30 wanda ke da kafar USB. Da rana faifan yana kan rufi, wayarsa ta shigo ɗaki tana cajin fawa bank a inuwa. Da dare fawa bank ya caja tab. Ban haɗa tab kai tsaye da faifan saboda wutarsa tana hawa da sauka duk lokacin da gajimare ya gifta, musamman da damina.

Sai sabis. Kai ka fi kowa sanin layin da ke kamawa a garinku da kuma kusurwar gidan da yake kamawa. Abin dubawa shi ne ko alamar 4G tana fitowa a wayarka a inda za ka riƙa zama. In tana fitowa, nemi tab mai ɗaukar sim. In sai ka hau tudu ko ka rataye waya a taga kafin sabis ya zo, tab marar sim ma ta wadatar: ka bar wayar a tagar, ka kunna mata hotsifot, ka zauna da tab a inda kake so. Sai dai ka sani hotsifot yana shan batirin waya sosai. Sabon layi kuma dole a yi masa rajista da lambar NIN, don haka tafi da ita.

Mataki na uku: wace iri za ka nema

Tab ɗin da ke kasuwanninmu gida biyu ne, masu Android da kuma iPad na kamfanin Apple. iPad tana da ƙarko kuma ba ta da nauyin aiki, amma tana da tsada, ba ta ɗaukar memori, kuma mai gyaranta sai a birni. Ga mutumin karkara da ya saba da wayar Android, shawarata ya tsaya a Android. Abin da ya sani a waya shi zai tarar, kuma duk wani yaro mai gyaran waya a Ringim ko Gumel ko Birnin Kudu zai iya duba masa ita.

Lambobi biyu ne suka fi muhimmanci. Na farko RAM, wato faɗin teburin da na'urar ke baje aiki a kai. Kada ka sauka ƙasa da giga 4. In da hali, 6 ko 8. Ka kula da dabarar da ake yi a jikin kwali: sai ka ga an rubuta 4+4, a ce maka 8 ke nan. Huɗun farko ne na gaske, na biyun aro ne daga ma'ajiyar na'urar, kuma ba ya sauri kamar na asali. Na biyu ma'aji, wato rumbun da fayiloli ke zama. Giga 64 shi ne mafi ƙaranci, 128 ya fi kwanciyar hankali, kuma ka tabbatar akwai kafar memori.

Girman fuska ma akwai magana a kai. Mai inci 8 tana shiga aljihun babbar riga, ta dace da karatu da yawon tattara bayanai, amma rubutu mai tsawo a kanta yana gajiyar da ido. Mai inci 10 ko 11 ita ce ke iya tsayawa a gurbin laftof. Sai dai ga wani abu da 'yan kasuwa ba su cika sani ba balle su faɗa maka: manhajojin Word da Excel na Microsoft kyauta ne wajen rubutu da gyara a na'urar da fuskarta ba ta wuce inci 10.1 ba. In ta wuce haka, za ka iya buɗe takarda ka karanta, amma gyara sai ka biya kuɗin Microsoft 365. Wannan ba abin tayar da hankali ba ne, domin Google Docs da Google Sheets da WPS Office duk suna buɗe fayilolin Word da Excel, su gyara, su adana, a kowane girma. Amma gara ka sani tun a gida.

Samsung na da jerin Galaxy Tab A, kamar A9 mai inci 8.7 da A9+ mai inci 11 da suka fito a 2023. Akwai Lenovo, akwai Redmi Pad na Xiaomi, su Infinix da Tecno da itel ma duk suna yin tab. Samfura da yawa kan zo kala biyu, mai sim da marar sim, a kwali kusan iri ɗaya, don haka ka buɗe kafar ka gani da idonka. Akwai kuma waɗanda ba sa zuwa da Play Store, kamar Fire na Amazon da sababbin na Huawei tun bayan takunkumin da Amurka ta saka wa kamfanin a 2019. Na'urori ne masu kyau, amma ga wanda ke son ya sauke manhajar banki ba tare da kwana-kwana ba, wahala ce.

Waɗanda nake roƙonka ka guje wa su ne marasa suna da ake tallatawa a intanet, a ce RAM 16, ma'aji tera guda, ga kibod da biro da agogo kyauta, duka a kuɗin ƙaramar waya. Wani ƙanena ya sayi irinta da kuɗin riɗinsa na shekara. Lambobin da take nunawa a saiti duk na ƙarya ne, an rubuta su ne kawai. Bai kai ga zuba bidiyo goma ba ta ce ta cika. Araha ba ta ado.

Mataki na huɗu: ranar sayayya

Daga Jigawa ko ƙauyukan Kano, yawanci Farm Centre ko titin Beirut ake nufa a cikin birnin Kano, ko da yake Dutse da Haɗeja ma ana samu. Ka je da sassafe, domin gwaji yana son lokaci, kuma mai sauri ya kama motar gida shi ne ke karɓar abin da aka miƙo masa. Ka tafi da sim ɗinka, da filash ɗin da ka zuba wa takardunka uku ko huɗu na gaske, da wani wanda ya fi ka sanin waya in akwai.

In sabuwa ce, a buɗe kwalin a gabanka. In ta hannu ce, wadda suke kira tokumbo, abu na farko shi ne a goge ta kaf a gabanka a sake kunnawa. Dalili kuwa, tab ɗin Android da aka goge ba tare da an cire asusun Google na mai ita ba za ta tsaya ta nemi imel da kalmar sirrinsa, iPad kuma ta nemi na iCloud. Idan mai shago ya ce, "Malam, ka tafi da ita kawai, wannan ƙaramin aiki ne, yaro zai cire maka," ka ce masa, "Alhaji, a cire yanzu ina zaune, in ta buɗe mu yi ciniki." In bai yarda ba, shaguna na da yawa. Haka idan ka ga tana nuna cewa wata makaranta ko ma'aikata ce ke kula da ita, ajiye ta, domin za a iya kulle ta daga nesa.

Daga nan sai gwaji. Saka sim ɗinka ka ga 4G ta fito, ka buɗe shafi ɗaya ko biyu. Shiga Play Store, ka taɓa hotonka a sama, ka shiga saiti, ka gangara wajen bayanin manhajar: akwai layin Play Protect da ke nuna ko Google ya amince da na'urar. In ya ce ba a tantance ta ba, wasu manhajojin banki ba za su yi aiki a kanta ba. Buɗe farin shafi ka ƙure haske ka duba tabo ko layi. Ja yatsa a kowace kusurwa ka ga tana amsawa. Gwada lasifika, makirfo da kyamarori biyu. Jona caja ka ɗan motsa wayar, in caji yana yankewa to kafar ta gaji. Kunna bidiyo na minti goma ka ga nawa batirin ya sauka. Sannan ka jona filash ɗinka ka buɗe takardunka, ka ga ko tsarinsu ya fito daidai.

A rasit a rubuta samfuri da lambar shaidar na'urar, wato IMEI ko siriyal, da kwanakin garanti. Kafin ka bar kasuwar ka haɗa da gilashin kariya, murfi mai tsayar da tab, kibod na Bluetooth, da 'yar mahaɗar OTG wadda ke ba filash damar shiga kafar tab. Waɗannan ba ƙawa ba ne. Tab da babu kibod babbar waya ce kawai, kuma in ka saka kuɗinsu a lissafi tun farko ba za ka dawo gida da rabin kaya ba.

Mataki na biyar: kwashe kaya daga tsohon gida

Wannan aiki a yi shi tun laftof tana numfashi, ba a fafe gora ranar tafiya. Samu rana guda da wuta ko inji, ka buɗe folda ɗaya, ka tattaro komai cikinta: takardu, hotuna, abin da ke kan fuskar kwamfutar, da foldar da abubuwan da ka sauke daga intanet suke taruwa, wadda ita aka fi mantawa. Ka rarraba su da sunaye masu ma'ana, kamar makaranta, ƙungiya, gona, iyali. A tab neman fayil ya fi wuya fiye da a laftof, don haka tsarin da ka yi yau shi zai cece ka gobe.

Akwai tarko a maganar filash. Android yana karanta filash da memori masu tsarin FAT32 ko exFAT, amma babban faifan waje mai tsarin NTFS na Windows ba kowace tab ke gane shi ba, wasu kuma su karanta amma su ƙi rubutawa. FAT32 kuma ba ya karɓar fayil guda da ya wuce giga 4. Mafi sauƙi, ka sa a tsara filash ɗin da exFAT a laftof kafin ka zuba komai, ka tuna tsarawa tana goge abin da ke ciki. Ko kuma ka jona tab da laftof da wayar caji, ka zaɓi tura fayil a saƙon da zai fito a tab, ka kwafa kai tsaye. Wannan ba ya cin data ko kaɗan.

Ka yi kwafi biyu, ɗaya a tab ko memori, ɗaya a filash da za a ajiye a akwati. Takardun da asararsu za ta hana ka barci, irin su shaidar karatu, takardun fili da lissafin kuɗin jama'a, ka ƙara musu kwafi na uku a Google Drive. Kowane asusun Google yana da giga 15 kyauta, wanda Gmail da hotuna da Drive ke rabawa. Takardu ba su da nauyi, bidiyo ne ke cinye wuri da data, don haka shi ya zauna a memori.

Sai kalmomin sirri. Da yawanmu laftof ce ke tuna mana su, mu mun manta. Kafin ka rufe ta, ka tabbatar ka san na imel ɗinka, kuma lambar wayar da ke jikin asusun tana hannunka har yanzu. In da Chrome kake shiga intanet, ka shiga da asusunka na Google ka kunna daidaitawa, kalmomin za su biyo ka zuwa tab.

Mataki na shida: saita tab don aiki

Ka shiga da asusun Google naka na kanka. Kada ka bari yaron shago ya buɗe maka sabo da kalmar sirrin da shi kaɗai ya sani, wannan ya jawo wa mutane da yawa kulle na'urarsu. Saka lambar kulle fuska. Sannan, tun kana wurin da sabis ke da ƙarfi, ka sauke manhajojin da jerinka na mataki na farko ya nuna, ka bar sauran.

Abu biyu ke kare maka data. A saitin Play Store ka hana manhajoji sabunta kansu sai a kan Wi-Fi, a Google Photos kuma ka hana tura hotuna da datar sim. In hotsifot kake amfani da shi, ka sani tab tana iya ɗaukarsa a matsayin Wi-Fi marar awo, sai ta saki jiki ta yi ta sauke-sauke. Shiga saitin wannan haɗin ka nuna mata cewa mai awo ne.

A Google Docs da Sheets, kowane fayil yana da zaɓin a ajiye shi don aiki ba tare da intanet ba. Kunna shi a kan duk takardar da kake taɓawa kullum, in sabis ya dawo za ta daidaita kanta. WhatsApp kuma ba sai ka cire shi daga waya ba, ana iya haɗa na'urori har huɗu da lamba ɗaya ta hanyar ɗaukar hoton lambar QR. Idan shafin makaranta ko na gwamnati ya fito a takure, taɓa ɗigo ukun da ke saman Chrome ka zaɓi ya nuna shi irin na kwamfuta. Manhajar banki dai ni a waya na bar ta, saboda tab tana yawo hannun yara da baƙi.

Mataki na bakwai: rubutu da buga takarda

Haɗa kibod abu ne na minti ɗaya ta Bluetooth, linzami ma haka. Wahalar tana wajen haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. Gboard, wato kibod ɗin Google na kan fuska, yana da Hausa, ka ƙara ta a jerin harsuna, haruffan za su samu a madannan da ke kan fuska. Amma kibod na waje ba shi da su, kuma da ka jona shi na kan fuska yakan ɓuya. A saitin kibod na waje akwai wurin da za ka ce na kan fuska ya ci gaba da fitowa, sai ka riƙa miƙa yatsa kana taɓa harafin idan ka zo kansa. Ga dogon rubutu kuwa, dabarar da nake yi ita ce in rubuta d' da k' da b' a duk inda suka zo, in na gama in yi amfani da nema da musanyawa in mayar da su ɗ da ƙ da ɓ a lokaci guda. Ina ba wannan muhimmanci, domin ɗalibin da ya ga "kasa" a takardar jarrabawa alhali "ƙasa" ake nufi, mu muka rikita shi.

Buga takarda kuma kada ka wahalar da kanka da neman haɗa tab da tsohuwar firinta. Mayar da takardar PDF, ka kai ta shagon buga takardu a filash ko ka tura ta WhatsApp. PDF ba ya sauya tsari, yadda ka gan shi haka zai fito. Ka ware filash ɗaya na zuwa shago kawai, kada ka kai wanda ajiyarka ke ciki.

Mataki na takwas: zafi, ƙura da yara

Batirin irin waɗannan na'urori ba ya son zafin da ya wuce digiri 35, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu muna haura 40. Kada ka bar tab a kan kujerar mota, ko a aljihun babur a rana, ko tana caji a ƙarƙashin matashi. Caji da dare ko da asuba ya fi mata. In ka kai ta shagon caji, tafi da cajarka, ka kuma kulle fuskar. Da hunturu ƙura kan toshe kafar caji har mutum ya zaci ta lalace, sai a kashe ta a share da busasshen burushi mai laushi. Yara kuwa za su so ta fiye da yadda suka so laftof. Yawancin tab suna ba da damar buɗe wa wani mai amfani ɓangarensa daban, ka buɗe musu nasu don kada a wayi gari lissafin ƙungiya ya goge.

Mataki na tara: makomar tsohuwar

Kada ka rabu da laftof sai ka yi wata guda cur kana aiki da tab, har ka ga ƙarshen wata ya zo ka yi lissafinsa a kanta, ka kuma buga takarda ko da sau ɗaya. A cikin watan ne za ka tuna fayil ɗin da ka manta.

Bayan nan, in za ka sayar ko ka bayar, ka fita daga duk asusunka, sannan ka yi wa Windows sake saiti, ka zaɓi a cire komai tare da share faifan, ba gogewar sama-sama ba. In ta riga ta mutu ba ta kunnuwa, kada ka miƙa wa 'yan gwangwan da faifan ajiyarta a ciki, domin hotunan iyalinka da takardunka suna nan daram. Mai gyara zai ciro maka shi cikin 'yan mintuna, a saka shi a ɗan kwanso mai wayar USB ya zama ma'ajiyar waje. Batirin da ya kumbura kuma kada a huda shi, kada a jefa shi a wutar bola, yana iya kamawa da wuta. Kai wa masu gyara.

Tawa ban sayar ba. Na sa an ɗora mata Linux Mint a madadin Windows, wanda kyauta ne kuma ba ya yi wa tsohuwar na'ura nauyi, na ajiye ta a ofishin makaranta. Ranar da aka tayar da inji, 'yan aji shida da za su zauna jarrabawar JAMB a kan kwamfuta suna zuwa su koyi riƙe linzami da danna madannai a kanta, biyu-biyu, kafin a kashe.